Ranar da Gahawar Iftu Ta Yi Ruwa

Ni na fara gani. Kafin mijinta ya gani, kafin surukinta ya gani, kafin ita Iftu kanta da ke riƙe da jabanar, tulun dafa gahawa, ta san abin da ta yi. Gahawar ba ta ma sauka a finjali ba, tana zubowa ne daga dogon wuyan jabana, siririya, sai na hango hasken ƙofa ta cikinta. Na ce a raina, Yimam, gyara zama, yau akwai aiki. Gahawar da ake hango rana ta cikinta ba a miƙa wa mutumin Jimma ita a zagayen farko.

Ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta a bango, zan wuce ban gaishe shi ba. Amma yunwar Wallo ta kwashe ƙauyenmu ta bar ni tsaye. Babbar mota ta gangara kwazazzabon Abbay da ni a ciki, na hauro da ƙafata, haƙoran gaba kawai na bari a can. Daga karen mota na zama direba, babu tashar da ban kwana ba a ƙasar nan, babu kuma wadda ban sha gahawarta ba. Saboda haka idan na ce na gani, to na gani.

Nazif maƙwabcina ne a gidan hayarmu na Adama, bango ɗaya ya raba mu. Bakanike ne. Ubansa, Abba Garo, manomin gahawa ne a Agaro, can ƙasar Jimma. Na san shi tun ina ɗauko buhuna daga can, tun gemunsa yana baƙi. Mutum ne da ba ya faɗa da kowa, tashi kawai yake yi ya bar maka wurin. Da Nazif ya bar gona ya taho birni, bai ce komai ba. Da ya auri Iftu, 'yar Hararge, can gabas, ba tare da an je an zauna da shi ba, nan ma bai ce komai ba, sai dai ya daina amsa gaisuwar da ake aika masa. Aka haifi yaro, aka yi suna, bai zo ba. Har yaron ya fara zama.

Sai ga shi rannan da hantsi, bai aiko ba. Ya biyo motar wani ɗan garinsu da ta kawo buhuna sito, za ta juya da azahar. Ya sauka da sandarsa da ɗan ƙullin 'ya'yan gahawa na gonarsa. Nazif ya faɗo ɗakina, hannunsa duk baƙin mai.

"Baba Yimam, ya zo."

"Wa?"

"Babana. Yana ɗakina. Don Allah ka zo ka zauna, ba ni da babba a garin nan sai kai."

"Wanke hannunka tukuna."

"In ya kai na uku, shi ke nan. In kuwa ya tashi kafin na uku..."

Kowa ya san zagaye uku ake yi wajen shan gahawa, a kan na uku ne babba yake ɗaga hannu ya sa wa gida albarka. Wanda ya zo da fushi ya zauna har na uku, fushin ya mutu a nan. Wanda ya ajiye finjali ya nemi takalminsa kafin nan, ya faɗi abin da ya zo faɗa ko bai buɗe baki ba. Abba Garo kuwa ya tsufa, hanyar Agaro da nisa. Ba zai sake bari a jijjiga masa ƙashi a wannan hanyar saboda kowa ba.

Na yafa mayafina na shiga. Ɗakin ƙarami ne, gado ya cinye rabi. Iftu ta watsa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta ajiye kwanon gugguru, ta durƙusa ta karɓi ƙullin da hannu biyu. Duk wannan ta yi daidai. Amma yaron yana tari a kwanakin, hayaƙi kaɗan sai ya tayar masa, don haka ba ta shigo da gawayi ɗaki ba. Ta fita bayan gida inda matan gidan suke girki, a can ta soya, a can ta daka, a can ta dafa. Ba a kawo kasko gaban baƙo ya shaƙi ƙamshin 'ya'yan gonarsa ba. Abin da muke ji kawai muryoyin mata ne, da dariya, da ƙarar finjalai ana ɗauraya. Na ga Abba Garo ya ɗan karkata kai yana saurare.

Mun gaisa, ni da shi. Ya tambayi ƙafata, na tambayi ruwan sama. Ɗansa bai kalla ba. Nazif ya zauna bakin gado, ya tashi, ya gyara labule, ya sake zama. Ni na zaɓi bakin ƙofa, inda aka tuɓe takalma. Tsohon direba ba ya zama nesa da ƙofa.

Sai ta shigo da jabana ta zuba, na ga abin da na gani.

Abba Garo ya karɓa. Ya duba cikin finjalin, ya karkata shi, ya ga fentin gindinsa ta cikin gahawar. Ya kai hanci. Ya kurɓa sau ɗaya. Ya ajiye a kan ciyawa a hankali, ya tura shi gefe da ɗan yatsa.

A wajen mutanen Jimma finjalin farko baƙi ne ƙirin, mai kauri, da ɗan gishiri, in ka sha sai ka ji shi a bayan idonka. Mai ruwa-ruwa irin wannan sai an ƙara wa jabana ruwa an sake ƙarawa ake samunsa. Shi ake ba wanda ya makara ya tarar an watse, ko wanda ake so ya sha ya kama gabansa. Ga dariyar mata a bayan gida, ga ƙarar finjalai, ga ba a nuna masa kasko ba. Ban buƙaci ya yi magana ba. Lissafinsa a fili yake: 'ya'yan gonarsa, maƙwabta sun shanye na farko, shi an kawo masa ɗauraya.

Nazif ɗan Jimma ne, ya kamata ya gane. Amma kullum gahawar matarsa yake sha, harshensa ya manta gida. Fuskar ubansa yake kallo, ba finjalin ba.

Ƙafar Abba Garo ta fara tafiya wajen ƙofa, tana lalube. Na ja takalminsa ƙafa ɗaya ƙarƙashin mayafina na hau kai na zauna.

"Abba Garo," na ce, "ka taɓa shan gahawar Gurage?"

Ya samu ƙafa ɗaya ya zura.

"Man shanu suke narkawa a ciki. Sai ka ga idon mai yana yawo a sama yana kallonka. Na sha a Walkite da safe, ban nemi abinci ba har la'asar. Mutanen Tigray kuwa tafasa ta suke yi har ta gaji, ta koma kamar kwalta, a ɗan finjali kamar ƙwanson ƙwai. Na sha biyu a jere na tuƙa har Makale ban ƙifta ido ba."

"Yimam, ina ɗaya takalmin?"

"Yara ne, gidan haya. Zai fito. A ƙasar Afar citta suke zubawa, ga rana ga citta, kana sha kana zufa kana gode musu. 'Yan Addis kuwa ba gahawa suke sha ba, sukari suke sha, su ɗan ɗiga masa baƙi don kada a yi musu dariya. Mu Wallo ne kawai muka san tsakiya."

"Ku Wallo me kuka shuka da za ku san tsakiya?"

Na ji daɗi, don mutumin da ya tsaya zaginka bai tafi ba tukuna. Amma garuruwan sun kusa ƙare mini. Saura gabas, kuma gabas ce ba na so in ambata. In na ce haka mutanen Hararge suke sha, na tuna masa abin da ya hana shi amsa gaisuwa tun farko, wato ɗansa ya kawo baƙuwa. In na yi shiru, ya tafi da ƙafa ɗaya. Na san shi, zai iya. Ya riga ya dafa sanda.

Nazif ya miƙe. "Baba, ba ku sha ba."

"Na sha."

"Baba, ko gugguru..."

"Motar ba za ta jira ni ba."

Iftu tana durƙushe gaban faranti, jabana a hannu. Ta dubi finjalin da aka ture, ta dubi mijinta, ta dube ni. A Jimma suruka ba ta ɗaga ido gaban uban miji, balle ta yi masa tambaya. Amma mutanen Hararge abin da ke cikinsu shi ke bakinsu, ko a kasuwa ko a masallaci. Na ga ta ajiye jabanar, na ce a raina, to, ga laifi na biyu nan tafe.

"Baba, me gahawata ta yi muku?"

Nazif ya rufe ido. Abba Garo bai kalle ta ba, ɗansa ya kalla, karo na farko tun zuwansa.

"Tambayi matarka, su wa suka sha na farko."

"Wannan ne na farko," in ji ta, ba ta jira an tambaye ta ba.

"Faɗa mata na shuka gahawa kafin a haifi ubanta."

"Wallahi Baba ko ɗanɗanawa ban yi ba. Matan can wanke mini finjalai suka yi. Wa zai sha kafin ku?"

"Faɗa mata ina da ido."

Ta miƙe. Na ɗauka fita za ta yi tana kuka, na fara shirin abin da zan ce. Sai ta jawo kwano, ta juye sauran gahawar a ciki, ta kife jabanar a kan faranti ta bubbuga gindinta. Garin da ya kwanta ya zubo. Ɗan kaɗan ne, bai fi a rufe shi da tafin hannun yaro ba. Ta kwance ƙullin da ya kawo ta ajiye kusa da shi. Kusan yadda ya kawo shi yake.

"Ga abin da na zuba, ga abin da ya rage. Ku taɓa ku ji in an tafasa shi sau biyu."

Abba Garo ya daɗe yana kallon farantin. Ya sunkuya, ya dangwali garin, ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci. Garin da aka tafasa sau biyu ba ya ƙamshi, wannan kuwa yana yi. Ya ɗago. Fushin ya sauka daga fuskarsa, wani abu ya hau wanda ya fi fushin muni. Tausayi ne, irin wanda ake yi wa mara lafiya.

"Da wannan kika dafa wa mutum huɗu?"

Ita ya yi wa maganar. Ban nuna na lura ba.

"A gidanmu wannan ma na baƙo ne," ta ce. "Mu ɓawon gahawa muke dafawa da madara, ko ganyen. 'Ya'yan sai an yi babban baƙo. Kuma na ga daga nesa kuka ɗauko, na ce kada in ƙarar a zama ɗaya."

"Ɓawo."

"Da madara. Yana da daɗi."

"Ɓawon da muke zuba wa gona taki." Ya juya wajen Nazif. "Abin da kake sha ke nan tun da ka bar gida?"

"Na saba, Baba."

"Shi ya sa ka rame." Ya buga sanda a ƙasa. "A fito da gawayi tsakar gida, a bar yaron a ciki. A kawo kasko gabana. Yimam, tashi daga kan takalmina, tun kana labarin Walkite na gan ka."

Muka fito inuwar bango. Rana ta riga ta hau tsakiya, ni kuwa ina lissafin motar nan. Soyawa, dakawa, dafawa, a jira gari ya kwanta, sannan zagaye uku. Ba za ta yiwu kafin azahar ba, ko ni ne a kan sitiyari. Nazif ma ya sani. Ya je bakin ƙofar gida ya leƙa titi, ya dawo, ya fifita gawayi, ya koma ya leƙa.

Iftu ta ɗebi 'ya'yan da hannu ɗaya ta zuba a kasko.

"Ƙara," in ji Abba Garo.

Ta ƙara.

"Ƙara."

"Baba, mutum huɗu ne, ba biki ba."

"Ƙara. Gonar ba ta mutu ba."

Ta ƙara har sau nawa ban ƙirga ba, ƙullin dai ya faɗa. Ya hana ta sauke kasko sai da 'ya'yan suka yi baƙi suna ƙyalli, mai ya fito musu. Ta kawo gabansa, ya jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarsa, ya lumshe ido. Ta kawo gabana, na yi yadda ya yi, har na fi shi. Da tana daka ya ce bai yi laushi ba. Da ta ɗauko ruwa ya ce ta rage rabi. Matan gidan suka fito da tsintsiya da bokiti, kowa ta samu aikin da ba ya ƙarewa a kusa da mu.

Wannan karon da ta ɗaga jabana, abin da ya zubo ba rana ba, ko fitilar mota ba za ta ratsa shi ba. Ya sa gishiri da kansa a finjalai huɗu. Ya sha nasa, ya yi ajiyar zuciya. Na sha nawa, na ji kunnuwana sun buɗe, na tuna sunayen mutanen da suka mutu tun zamanin sarki. Nazif ya sha ya ƙware.

"Ke fa?" in ji Abba Garo.

Iftu ta ɗauka ta kurɓa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya. Ta haɗiye da ƙyar, ta goge ido da gefen mayafi.

"Baba, a garinmu wannan alfadari ake ɗura wa in cikinsa ya kumbura."

Tsintsiyoyi suka tsaya. Nazif ya dube ni kamar in yi wani abu, ni kuwa babu takalmin da zan sake hawa.

"Yana warkewa?" in ji Abba Garo.

"Yana tashi da gudu."

"To shanye."

Ba ta shanye ba. Ta shiga ɗaki ta fito da madara, ta tsiyaya a finjalinta a gabansa har ya koma kalar ƙasa, sannan ta sha. Ya kawar da kai kamar an yanka akuya ba bisimilla, amma bai nemi sanda ba.

Muna kan na biyu aka danna hon a titi. Aka sake dannawa, dogo. Nazif ya ajiye finjalinsa, gahawa ta zube masa a wando. Jabana tana kan wuta, an ƙara ruwa na ƙarshe, ko motsi ba ta fara ba. Na sunkuya ina hura gawayin da bakin da ba haƙora, toka na tashi tana shiga mini ido. Iftu tana fifita da murfin tukunya. Ruwan ya ƙi.

Direban ya leƙo ta ƙofar gida, matashi ne, makulli a hannu.

"Abba Garo, mu tafi. In ban wuce Addis da rana ba, na kwana a hanya."

"Ɗan'uwa, shigo ka sha ɗaya mana," na ce. "Ni ma direba ne, na tuƙa hanyar nan kafin a zuba mata kwalta."

"Baba, kowane tsoho a Adama haka yake ce mini. Abba Garo, don Allah."

Abba Garo ya dubi finjalinsa, saura kurɓi ɗaya. Ya shanye. Ya ajiye. Takalmansa biyu suna ƙafarsa, sandarsa na jikin gwiwarsa, babu abin da ya riƙe shi. Ya sha biyu, ba wanda zai ce an wulaƙanta shi, ba kuma wanda zai ce ya yafe. Zai iya tafiya a haka ya bar maganar a rataye har ya mutu, kuma irin tafiyar da ya fi iyawa ke nan. Ya dafa sandar.

Sandar ya miƙa, ya ture wani gawayi da ya gangaro ya mayar da shi ƙarƙashin jabana.

"Je ka," ya ce wa direban. "Ka faɗa a gida a duba mini gahawar da na baza a kan gadon shanya, kada raɓa ta taɓa ta."

"Yaushe za ku samu wata motar?"

"Ga wanda ya san kowace tasha a ƙasar nan. Ya nemo mini, mu ga ko bakin ne kawai."

Muka ji motar ta tashi, muka ji ta sauya giya a kwanar gidan mai, mugun sauyi, irin na yaran yanzu. Sannan jabana ta fara kuka.

Da aka zuba na uku ya ce a fito da yaron, hayaƙi ya kwanta. Ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ya roƙa wa gidan lafiya, ya roƙa wa yaron tsawon rai da gonar da zai gada, ya ambaci Nazif da sunansa, ya ce Allah Ya sa wa hannunsa albarka ko da baƙin mai ne. Muna amin, matan gidan ma suna amin daga inda suke. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce, "Ita kuma uwar yaron, Allah Ya ƙara wa hannunta nauyi in za ta ɗebi gahawa."

"Amin," in ji Iftu. "Ku kuma Allah Ya sa ku ɗanɗana ɓawo kafin ku koma."

Wannan bai ce amin ba. Ni na ce, da ƙarfi, a madadinsa.

Motar kuwa na nemo masa, gaban mota ma, kusa da taga, kuma ba a karɓi ko sisinsa ba, don har yau akwai direbobin da in sun ji sunan Yimam suke miƙewa tsaye. Na san akwai masu cewa tsohon nan ƙari yake yi, finjalin gahawa bai isa ya raba uba da ɗa ba. To mai wannan maganar ya hau mota ya tafi Agaro, ya tambayi gidan Abba Garo, ya ce ni na aiko shi. Ya je da safe, cikinsa babu komai, ya karɓi finjalin farko ya shanye har ƙasa. In ya miƙe gwiwarsa ba ta yi rawa ba, ya dawo nan Adama, ina bakin ƙofa, ya kira ni maƙaryaci a gaban matan gidan.